An Kawo Wuta, Intanet Ta Ƙi Dawowa

Kafin wayar hannu ta haɗiye komai, duk mazaunin kudancin kogin Kaduna da ke son aika imel, ko cike fom ɗin makaranta, ko duba sakamakon jarrabawa, kafe yake nema. Daga wajen 2003 zuwa 2010 shagunan nan sun cika Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha, har cikin lungunan Kakuri da Makera. Kusan duk kamanninsu ɗaya. Ga faifan tauraron ɗan Adam a kan rufi, ga janareta yana ruri a bayan shago, ga kwamfutocin tebur 'yan gwanjo da aka yiwo odarsu daga Ikeja a jere, kowace da wayarta shuɗiya ko ruwan toka da ta bi gindin bango ta tafi wani ɗan akwati mai ƙyafce-ƙyafce da ake kira suwic. Awa-awa ake sayar da lokaci, saboda haka minti goma babu intanet asara ce da mai shago ke iya lissafawa da naira, ga kuma masu jira sun fara tsaki.

Wannan ɓangare na gari kuwa shi ne wanda aka gina domin injuna. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Wutar da garin ke sha tana tasowa ne daga madatsun ruwa irin na Kainji da Shiroro, ta sauka a babbar tashar Mando, sannan a rarraba ta. A 2009 aka ba da kwangilar tashar wuta mai megawat 215 a nan Kudenda, shekara goma ta wuce ana jiran ta. A zamanin da kafe ke tashe dai masaƙu mutuwa suke yi: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Ƙwararrun masu aikin wutar masaƙu suka watsu cikin unguwanni suna neman abin kai wa bakin salati, wasunsu suka koma ja wa shaguna waya da haɗa musu makunnin sauya layi tsakanin wutar gari da janareta.

A wurin wannan sauyin ake samun matsalar da ta fi kowace cin ran mai kafe. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, ko an kawo wuta an mayar da layi. Kwamfutoci duk sun tashi lafiya lau, amma ɗaya ko biyu sun ƙi ganin intanet. A kusurwar allon Windows XP sai ka ga 'yan kwamfutocin nan biyu da jan kuros a kansu. Hukuncin da ake yankewa nan take bai wuce biyu ba, ko a ce katin LAN, wato inda wayar intanet ke shiga kwamfuta, ya ƙone, ko a ce a yi fomat. Na farkon yana nufin hawa bas a ƙetare gada zuwa shagunan titin Ahmadu Bello. Na biyun ya fi muni, domin bayan an goge komai an ɗora Windows sabo, sau da yawa sai a tarar babu direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, kuma babu yadda za a sauko da direban tunda intanet ɗin ita ce babu. Na ga kwamfutar da aka goge takardun mutane na shekaru a cikinta saboda waya ɗaya da ta saki a bayanta.

Akwai wani dattijo daga cikin tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke zagaya shagunan gefen titin Kaciya a lokacin. Bai san Windows ba, bai kuma nuna yana son saninsa ba. Wuta ya sani. Wata rana na tarar da shi tsaye a kan wani yaron shago da ya riga ya kwance murfin kwamfuta.

“Baba, katin nan ya ƙone. Bari oga ya ba ni kuɗi in shiga cikin gari.”

“Ɗana, wa ya ce maka ya ƙone? Ka ji ƙauri?”

“A'a, Baba.”

“To zare ta daga bango tukuna. Ban ce ka kashe ba, ai kashewa ka yi ta yi tun ɗazu. Zare waya, ka danne makunnin gaba, kada ka saki sai na ce.”

Bayan kamar rabin minti aka mayar da waya, aka kunna, fitilar bayan kwamfuta ta kawo kore. Yaron ya ɗauka siddabaru ne. Bayanin kuwa mai sauƙi ne. Kwamfutar tebur, muddin wayarta na jikin soket, ba ta mutuwa gaba ɗaya ko da an kashe ta. Akwatin wutar cikinta, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak, yana ci gaba da tura bolt 5 zuwa wasu sassa, ciki har da katin LAN, domin an ƙera shi ne yadda za a iya tayar da kwamfuta daga nesa ta waya. Idan wuta ta yi wasa, ta ɗauke ta dawo ta sake ɗaukewa cikin daƙiƙa, katin yana iya rikicewa ya sandare a haka. Ka kashe ka kunna sau goma, bai farfaɗo ba, saboda bai taɓa rasa wutar da za ta sa ya manta rikicewarsa ba. Sai an zare waya an tsiyaye ragowar cajin da ke ciki. Tun daga Windows 8 na 2012 ma abin ya ƙara ruɗani, domin kashewar da ake yi ta yau da kullum ba cikakkiya ba ce, tana ajiye wani ɓangare na halin da na'urar ke ciki don ta tashi da wuri. Mai son tashi sabo fil sai ya zaɓi sake kunnawa.

Abin da na ɗauka daga dattijon nan shi ne tsarin tambayarsa. Yana farawa da abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, ba ya zuwa kan abin da ake saye sai sauran duk sun amsa. Fitilun nan biyu na bakin ramin waya su ne shaidar farko. In suna ci, to tsakanin kati da suwic akwai magana, matsalar tana gaba. In ba sa ci, a sauya waya da ta kwamfutar da ke aiki, a kuma mayar da ita wani rami a jikin suwic, domin suwic yana iya rasa rami ɗaya sauran su ci gaba da aiki. Wayar nan zare takwas ne a cikinta, bibbiyu a murɗe. Tsohon gudu na megabit 100 zare huɗu kawai yake amfani da su, na gigabit kuwa sai duka takwas, shi ya sa wayar da ɓera ya ɗan taɓa tana iya yin aiki a tsohuwar kwamfuta ta yi gardama ko ta rage gudu a sabuwa.

Sai kuma wata matsala da ba lalacewa ba ce sam, rige-rige ne. Idan wuta ta dawo, kwamfuta tana tashi cikin minti ɗaya, rauta da modem kuwa sukan ɗauki biyu ko uku kafin su gama shiri. Kwamfuta ta nemi adireshi, babu mai ba ta, sai ta laƙaba wa kanta wanda ya fara da 169.254. Duk wanda ya buga ipconfig ya ga wannan lamba, to ya kwantar da hankalinsa, katinsa lafiya lau, rauta ce ba ta amsa ba. A jira ta gama tashi, a buga ipconfig /renew, ko a zare waya a mayar. Adireshin gaskiya a yawancin shaguna da gidaje da 192.168 yake farawa. Daga nan a yi wa rauta ping, wato a aika mata ɗan saƙon gwaji a ga ko za ta amsa. In ta amsa, a gwada 8.8.8.8, wani adireshi da ke waje a intanet. In wannan ma ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar ta masu fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ce, wato DNS, babu ruwan kati. Akwai kuma rautar da wasan wuta ke sa ta manta duk saitin da aka yi mata ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Idan an leƙa Device Manager ba a ga katin ba ko kaɗan, a shiga BIOS a duba ko a kunne yake, domin saitin wurin ma yakan birkice. In yana nan amma da ɗan alwatika rawaya a jikinsa, a cire direban a sake kunnawa, Windows zai mayar da shi. Wannan duka bai kai rabin awa ba.

To amma kati yana ƙonewa da gaske, kuma nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Masu shaguna ba su yi sakaci da soket ba. Sun sayi sitabilaiza, masu hali sun ƙara da UPS. Sai dai an datse ƙofar zaure da kwaɗo an bar ta baya a buɗe, domin wayar LAN ma tagulla ce, duk abin da ya shiga ta zai bi ta har cikin kwamfuta. Suwic da rauta galibi a kan wani soket na daban suke, babu kariya, su ne ake mantawa da su a saman kabad. Ga shagunan da ke raba intanet da maƙwabta, a jefa waya ta kan rufi zuwa shago na uku ko na huɗu, wani lokaci har a wuce mita 100 da aka ƙayyade mata. Kaduna kuma gari ne na tsawa, musamman a farkon damina wajen Afrilu da Mayu da kuma ƙarshenta a Oktoba. Ba sai aradu ta faɗa wa shago ba. In ta faɗi a kusa, doguwar wayar da ke shanye a sarari tana kwasar ƙarfin wuta ta sauke shi a duk na'urar da ke bakinta biyu. An yi wa ramin LAN kariyar da ke jure wajen bolt 1,500, tsawa kuwa ba ta san wannan lissafi ba. Shi ya sa za ka ga kwamfutar da komai nata ke aiki, sauti da hoto da USB, katin kaɗai ya tafi, tare da ramin suwic ɗin da yake jone da shi.

Dattijon yakan yi faɗa a kan abu biyu. Na farko wayar ƙasa. Gine-gine da yawa an ja musu wuta ne da waya biyu, ramin soket na uku ado ne kawai, alhali na'urar kare hawan wuta ta nan take zubar da abin da ta tare. Na biyu gaggawar mayar da layi da zarar yara sun yi ihun an kawo wuta. Wutar da ta dawo bayan ɗaukewa ba ta cika zuwa a daidai ba, takan yi sama ta yi ƙasa, wani lokaci ta sake tafiya. Idan kuma wayar nutral ta tsinke a taransifoma, gidan da ya kamata ya sami bolt 230 yana iya samun abin da ya doshi 400. Sitabilaiza an yi ta ne domin wutar da ta yi rauni ko ta ɗan hau sannu a hankali. Bugun da ke zuwa ya wuce cikin ƙiftawar ido kafin ta motsa ya riga ya shige. Yawancin sitabilaiza suna da ɗan maɓallin jinkiri da ke riƙe wuta na ɗan lokaci kafin ya sake ta, amma mutane kashe shi suke yi wai yana ɓata musu lokaci.  

Ko kati ya mutu ɗin, ba a jefar da madabod saboda shi. A da katin Realtek 8139 ake soka wa a ramin PCI, mai arha ne kuma ba ya wahalar direba. Yau akwai na USB, ga kuma gwaji mafi sauƙi: a jona wayar hannu da kebul a ba kwamfutar intanet ta nan. In ta buɗe shafuka, an san Windows ba shi da laifi. Tsakanin gini da gini kuwa, wanda ke da hali ya ja faiba ko ya sa rediyo, tunda gilashi da iska ba sa ɗaukar wuta. Wanda ba shi da hali, in hadari ya haɗo ya zare wayar LAN tare da ta soket.

Kafe sun ragu, amma kwamfutar tebur da wayarta ba su tafi ko'ina ba. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, ɗakunan jarrabawa cike suke da wayoyin nan, ɗaruruwa a ɗaki guda. Ga shagunan buga takardu da makarantu da ofisoshin coci-coci da masallatai. A Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, sannan layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya sami matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Da wuta ta dawo, wata tsohuwar cuta ta bayyana a kwamfutocin da suka daɗe a kashe. Fitilar kati tana ci, adireshi daidai, ping yana tafiya, amma burauza ta ƙi buɗe kusan kowane shafi, tana gargaɗin rashin tsaro. Laifin na wani ɗan batiri ne mai faɗin kwabo a jikin madabod, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo. Muddin kwamfuta na samun wuta daga bango ba a gane ya tsufa. Doguwar ɗaukewa ce ke tona shi, agogo ya koma shekarun baya, shafukan da ke da takardar shaidar tsaro kuma ba sa yarda da kwamfutar da kwanan watanta bai yi daidai ba. Ana samun batirin a wurin masu gyaran agogo da masu sayar da makullin mota. A sauya shi, a gyara kwanan wata da lokaci, sannan a leƙa BIOS a tabbatar katin LAN yana kunne kafin a rufe murfi.