Tsofaffin Peugeot a Zamfara: A sauke injin, amma ba a reshen dogon yaro ba

Duk wanda ya zaga unguwannin Gusau, ko ya ratsa ta Tsafe da Bungudu, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar Peugeot a fake a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilasanta, awaki na hutawa a inuwarta. Galibi 504 ce, jefi-jefi 404 ko 505. Idan aka tambayi masu gidan, amsar ba ta wuce ɗaya: injin ne ya buga, ana jiran hali.

Wannan jira kan ƙare ta hanya biyu. Ko 'yan gwangwan su zo su saye ta a farashin ƙarfe, ko kuma wata rana maigida ya kira bakanike da yaransa a sauke injin a nan gida. Hanya ta biyu ita ce daidai, kuma ya kamata a ƙarfafa wa masu binta gwiwa. Sai dai yadda ake yin aikin a gidaje da yawa abin tsoro ne.

Matasan da suka tashi a zamanin Golf da Corolla suna kallon “Fijo” a matsayin motar tsofaffi. Ba su san cewa motar tsere ce ta gaske ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta shekarar 1969. A 1975 direba ɗan ƙasar Sweden, Ove Andersson, ya lashe tseren Safari na Gabashin Afirka da ita, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu. A 1978 kuma Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe shi da samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinsa. A shekarar da Andersson ya yi nasara ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Da ita manyan ma'aikatan gwamnati suka yi yayi, da ita direbobin haya suka yi ta zirga-zirga tsakanin Sakkwato, Gusau, Funtuwa da Zariya tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996.

A Turai, masu sha'awar tsofaffin motoci kan shafe watanni a garejin gidansu suna kwance irin wannan inji noti bayan noti. A nan kuwa ana ɗora shi a sikeli.

Masu cewa a rabu da ita suna da hujja. Mota ce mai kafireto, tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowane magidanci lissafin lita yake yi. Amma hujjar ta tsaya ne a kan hawan yau da kullum, ba ta kai ga a farfasa motar ba. Injin 504 mai silinda huɗu an ƙera shi ne don a riƙa gyara shi. Bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsu ana iya zare su a sa sababbi, ba sai an jefar da gangar jikin injin ba. Ba shi da kwamfuta, ba ya buƙatar na'urar bincike. Bakanike mai kunne da sifana ya ishe shi. Irin waɗannan dattawan kanikawa suna nan a Gusau, amma raguwa suke yi, kuma yaran da ke koyon aiki a hannunsu sun fi ganin yadda ake sauya inji da na Beljiyam fiye da yadda ake buɗe shi a farfaɗo da shi. Duk injin da aka sauke aka gyara a gaban yaro, darasi ne da ba zai samu a wani wuri ba.

Dalilan da ke sa a yi aikin a gida ma ba na wasa ba ne. Motar da ta shekara biyar a ajiye ba ta tafiya da ƙafarta, janyo ta kuɗi ne. Mutumin Tsafe ko Bungudu ba zai so a ɗaura masa igiya a ja shi a hankali a kan hanyar da kowa ke fatan ya wuce da sauri saboda matsalar tsaro ba. Ga kuma tsohon ƙorafin nan na masu motoci, cewa motar da ta daɗe a gareji kayanta kan yi ƙafa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Abin da aka saba gani shi ne a tura motar ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, a rataya sarƙa ko igiya a reshe, ƙarti huɗu su ja. Injin nan ya haura kilo ɗari nesa ba kusa ba, kuma reshe ba ya sallama kafin ya karye. Wanda ya sunkuya yana lallaɓa injin ya rabu da giyabos, hannunsa da ƙirjinsa ne a ƙasa. Hayar ƙarafa uku masu ƙafa da sarƙar ɗaga inji na yini guda bai kai kuɗin ɗorin karaya ba, balle a yi maganar rai. Haka nan ɗora mota a kan bulon siminti ko a bar ta a kan jak kaɗai mutum ya shiga ƙarƙashi. Bulo na rugujewa ne farat ɗaya. Katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe ake sawa, a kan ƙasa mai tauri, a kuma tokare tayoyin baya.

Shi kansa aikin yana da tsari, kuma gaggawa ce ke ɓata shi. Batir ake fara cirewa, a soma da wayar da ke haɗe da jikin mota, don kada sifana ta haɗa wuta. Sai a tsiyaye baƙin mai da ruwa, a cire bonet da lagireto, a toshe bututun fetur, a kwance salansa. Kafin a taɓa notocin da suka haɗa inji da giyabos, sai an tallafe giyabos ɗin daga ƙasa, in ba haka ba nauyinsa zai rataya a inda bai kamata ba. Injin 504 a kishingiɗe yake ta gefe guda, saboda haka idan aka ɗaure shi ta wuri ɗaya, da zarar ya bar mazauninsa sai ya juya. Wani abu mai sauƙi da mutane ke rainawa: wayar da ke aljihun kowa. A ɗauki hoton kowace waya da kowane bututu kafin a cire, a zuba notoci a gwangwanaye daban-daban. Aikin da aka ce na mako ɗaya ne kan kai wata uku idan aka tafi neman kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe wannan duka. A lokacin hunturu kuwa, injin da aka bari a buɗe ba tare da rufi ba, ƙura za ta gama da shi kafin a tayar.

Abin da ya fi damuwa shi ne wanda ba a ganinsa nan take. Tsakar gida wurin girki ne, wurin rarrafen yara. Fetur ɗin da ake wanke kayan inji da shi a faranti, tururinsa kan bi ƙasa ya tarar da murhu. Baƙin man da aka tsiyaye, wasu a kwata suke zubarwa, wasu a gindin katanga kusa da rijiya. Tsohon batir kuma dalma ce a cikinsa, da ruwa mai ƙona fata. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda an shigo da aikin niƙa duwatsun zinare cikin gidaje. Batir ɗaya bai kai wannan ba, amma kuskuren iri ɗaya ne: a kawo aikin waje inda yara ke wasa da ƙasa suna kai hannu baki.

Saboda haka wurin aikin shi ne ƙofar gida ko wani fili mai shinge, ba gaban ɗakin girki ba. Baƙin mai a jarka mai murfi, batir a kai wa masu sayensa a ranar, yara ƙanana a nesa. Ƙungiyoyin kanikawa na Gusau za su iya sauƙaƙa wannan idan suka tanadi kayan ɗaga inji na haya ga mambobinsu masu zuwa aiki gidaje, ta yadda bakanike ba zai iso da sifana kaɗai ya fara ɗaga kai yana neman reshe ba.

Shi kuma maigida, kafin a kwance noti na farko, ya zauna da bakaniken su yi lissafin zobba, gasket, kuloci da kuɗin aiki, ya tabbatar kuɗin suna hannu. Motoci da yawa da ke fake a lungunan Gusau ba bugun inji ne ya kashe su ba. An sauke injin ne da kyakkyawar niyya, kuɗi suka yanke, damina biyu ta wuce a kansa a ƙarƙashin buhu.