Ruwan Tchibarakaten ya fi ƙarfin tabar wiwi

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a shekarar 2014, dubban matasa suke kwarara zuwa wannan sahara ta jihar Agadas, kusa da iyakar Aljeriya, inda ruwan sha ma sai manyan motoci sun ɗauko shi daga nesa. Yanzu kuma ana tallar wani irin tabar wiwi a intanet, wanda ke fure da kansa ba tare da jiran sauyin tsawon yini ba, ya nuna cikin wata uku. Saurin nan shi ne haɗarinsa, domin yana sauƙaƙa ɓoye shuka a bayan bukka. Ra'ayina shi ne kada a bari ya samu gindin zama a Tchibarakaten. Wanda zai sauka rami mai zurfi riƙe da igiya yana bukatar hankalinsa cikakke, kuma kowace jarkar da aka zuba wa wannan ganye, daga bakin leburori masu ƙishirwa aka ɗauke ta.

Wasu za su ce ai Maroko ta halatta noman tabar wiwi a 2021. Gaskiya ne, amma don magani da masana'antu, da lasisi, a wasu lardunan Rif kaɗai. A Nijar dokar 1999 ta haramta ta, kuma tan 17 da aka kama a Yamai a watan Maris na 2021 sun nuna cewa manyan 'yan fasa-ƙwauri ne ke cin ribarta. Mai sha'awar renon shuka ya dubi lambunan Timia da Tabelot na jihar Agadas, inda lemo da albasa ke ciyar da iyalai. Can ya kamata hukuma da masu arzikin zinariya su zuba jari.