Sharhi: Ƙarfin Rijiya Yana Ga Bututunta

Sharhinmu na yau kan bututun da ake binnewa cikin rijiyar burtsatse ne, wanda ido ba ya gani, amma shi ke riƙe da ran rijiyar.

A Kanada, tun farkon shekarun 1980, masu haƙar mai ke ɗura iskar kabon, wadda aka matse har ta zama ruwa-ruwa, cikin rijiya don ta tsattsaga dutse, mai ya samu hanya. Sanyinta ya fi na ƙanƙara, sai bututun ƙarfe ya tsuke yana jan kansa, ga matsi daga ciki yana neman kumbura shi. In ta haɗu da ruwa kuwa, sai ta yi tsami ta riƙa cin ƙarfe. Shi ya sa injiniyoyi ba sa zura bututu sai sun lissafa abin da zai iya jurewa.

Mu a Batsari da Safana ruwa muke nema, amma darasin ɗaya ne. Ƙasarmu kan dutse take, ruwan na maƙale cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. Mai haƙa sai ya ratsa ƙasa mai laushi kafin ya taɓa fa, nan ake sa kesin, wato bututun da ake binnewa, ya tare zaizaya. In ɗan kwangila ya sa bututun roba marar kauri, ƙasa za ta matse shi ya lotsa, ya shaƙe injin sumo, ba aiki ba fita. In aka tsallake tsakuwa da simintin bakin rijiya, yashi da ƙazanta su sauka. Famfon tuƙa-tuƙa mai bututun ƙarfe kuma, tsatsa ke cin mahaɗarsa, ruwa ya fito ja, wata rana bututun ya tsinke ya faɗa ciki.

Wa ke shan wahalar? Mata da yaran ƙauyukan Ruma da Runka, a gefen dajin Rugu, inda tafiya ɗibar ruwa kan zama sai da rai, makaniki kuma ba ya zuwa da sauƙi.

Muna kira ga hukumar ruwan karkara ta jihar Katsina, RUWASSA, da ƙananan hukumomi, da masu hannu da shuni: a rubuta kaurin bututu cikin takardar kwangila, kada a biya kuɗi sai an gwada. Masu unguwanni, ku tsaya ranar zura kesin, ku ƙirga bututun, ku duba kaurinsa, ku karɓi takardar zurfin rijiya. Araha ba ta ado, kuma bututun da aka binne da ha'inci, gari guda ne zai biya kuɗinsa da ƙishirwa.