Ina Ake Samun Labarin Direban Da Aka Kama Da Maye?

Ba attajirin da zai ba baƙo makullin shagonsa, amma kullum a Dawanau da Kantin Kwari ana ɗora wa mota kaya na dukiya mai yawa, a miƙa ta ga direban da ba a san kome nasa ba sai sunansa da garinsu. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, rabinta cikin dare. In direba ya sha abin maye ya faɗa da mota, dukiya ta salwanta, wani lokaci har da rayuka, sa'an nan dokar ƙasa takan kama ubangida da biyan ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Saboda haka ya kamata mai mota da mai kaya su san inda mutum zai je a garinsu ya bincika ko an taɓa kama direba da maye, ko an taɓa yanke masa hukunci.

Babu ofis guda da ya tara wannan labari. Rubutun ya kasu kashi uku: na kamu yana hannun 'yan sanda, na shari'a yana hannun kotu, na lasin yana hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Kowanne da ƙofar da ake bi a same shi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne rubutun kamu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 1945 ba ta nan, wadda ake aiki da ita yau ita ce ta 2015, kuma Kaduna ta yi tata irinta a 2017, Kano a 2019. Dokar Tarayya ta wajabta wa ɗan sanda, in ya kama mutum, ya rubuta sunansa da sana'arsa da inda yake zaune, da laifin da ake tuhumarsa, da ranar kamu, ya ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Amma wannan littafi ba na kowa da kowa ba ne. Gaskiya ne akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu 2011, wadda ta ce ofishin Gwamnati ya amsa wa mai neman bayani cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. To, amma ita wannan doka da kanta ta toge abin da ya shafi sirrin mutum da abin da zai ɓata bincike, ga kuma dokar tsare bayanan mutane ta 2023. Watau attajiri ba shi da ikon zuwa caji ofis ya ce a buɗe masa littafi ya ga sunan wane. Wanda haɗari ya shafa, shi ne ke da hanyar rubuta takarda ga babban jami'in ofishin, ya nemi rahoton 'yan sanda a kan haɗarin.

Ko da an sami rubutun kamu, lalle a san matsayinsa. Kamu tuhuma ce kawai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Mutane da yawa an kama su an sake, ba a ko kai su gaban alƙali ba.

Na biyu shi ne rubutun kotu, kuma shi ne mai nauyi. Shari'ar tuƙi cikin maye galibi a kotun majistare ake yin ta, ko a kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa a bakin hanya. Zaman kotu a fili ake yinsa, kowa yana iya shiga ya saurara. Sashen nan na 36 ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutun shari'a, ya kuma ba wanda aka yi wa shari'ar, ko wakilinsa, ikon karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama ta. Wanda ba shi aka yi wa shari'a ba, sai ya rubuta wa magatakardan kotu, ya faɗi lambar ƙara da sunayen masu shari'a da shekara da dalilinsa na nema, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ya karɓi rasit. Dokar Shaida ta 2011 ta bayyana siffar kwafin da ake dogara da shi: a rubuta a ƙasansa cewa kwafi ne na gaskiya, da kwanan wata da sunan jami'in da muƙaminsa, a buga hatimi. Takardar da ba ta cika wannan ba, kotu ba ta karɓarta a maimakon asali.

Wahalar wannan ƙofa ita ce sai mai nema ya san kotun da aka yi shari'ar. Kotuna da yawa har yanzu da hannu suke rubutu, fayil yana ajiye bisa lambar ƙara. Direban da aka hukunta a Lokoja ko Tegina, magatakardan Kano ba shi da labarinsa. Har wa yau a jihohin da suka kafa dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara da Kano a shekarar 2000, shan giya kansa laifi ne da ake kai Musulmi kotun Shari'a a kansa, ko yana tuƙi ko ba ya yi. Wanda kuwa Hukumar NDLEA ta kama da ƙwaya, Babbar Kotun Tarayya ake kai shi. Ashe mutum ɗaya yana iya samun rubutu a kotu iri uku, ba wadda ta san ta wata.

Na uku shi ne rubutun lasin. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka sake mata doka a 2007. Ita ce ke riƙe da rajistar direbobi ta ƙasa duka, ko da yake lasin ba ya fita sai da hannun jami'an gwajin mota da ofishin haraji na jiha. Dokar 2007 ta sa tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya a jerin laifuffuka, da tarar Naira 5,000 da maki 5 a kan lasin. Mai mota yana iya kai lambar lasin ga hukumar a gane masa na gaske ne ko jabu, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. Amma a nan ma akwai giɓi: wanda aka yanka wa takardar laifi yana iya biyan tara a banki ya tafi abinsa, ba alƙalin da ya gan shi, ba rubutun kotu. Hukumomin jiha irin su KAROTA ta Kano, wadda aka kafa a 2012, su ma suna da nasu littafi dabam.

Akwai takarda ɗaya da ake nufin ta haɗa wannan duka, watau takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake dubawa a babbar rajistar masu laifi bisa zanen yatsu. Mutum da kansa yake neman tasa, yanzu ta hanyar intanet ake cika takardun. Dokar 2015 ta ce a aika wa wannan rajista hukuncin kowace shari'ar laifi cikin kwana 30. Amma rijiya ba ta ba da ruwan da bai taru a cikinta ba. Abin da takardar ke faɗi shi ne ba a sami sunan mutum a rajista ba. Ba ta shaidar bai taɓa tuƙi cikin maye ba. Balle a ƙasar Hausa abin da ya fi damun direbobin dogon zango shi ne ƙwaya irin su tiramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnati ta hana yinsa da shigowa da shi a 2018. Na'urar da ake hura wa numfashi kuwa giya take ganewa, ba ta ganin ƙwaya.

Malamai sun san wannan magana ba baƙuwa ba ce a cikin fiƙihu. A mazhabar Maliku haddin shan giya bulala 80 ne, amma ba a tsai da shi da ji-ta-ji-ta, sai da iƙirari ko shaidu biyu adalai. Suratul Hujurati ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, ta kuma yi umurni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. A ɗaya gefen, Imam Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, ciki har da ba da shawara ga wanda ke shirin hulɗa da shi. Mai shirin ɗora rayukan fasinja a hannun direba yana cikin wannan babi. Iyakarsa ita ce ya tambayi abin da ya shafi tuƙi, ya riƙe amsar a cikinsa. Wanda ya ɗauki takardar kamu yana yawo da ita a tasha ko a waya, ya fita daga nasiha ya faɗa cikin ɓata suna, ga kuma hatsarin kama suna, domin mutum nawa ne ke da suna ɗaya da sunan uba ɗaya a gari guda?

Hanya mafi sauƙi ga attajiri ita ce ya bi ta hannun direban kansa. Ya nemi ganin lasin ya tabbatar da shi, ya ce direba ya kawo takardar shaidar hali, in kuwa akwai wata tsohuwar shari'a, direban ne ya fi kowa ikon karɓo kwafin hukuncinta. Sa'an nan ya haɗa da tambayar shugabannin tasha da iyayen gidan da direban ya yi wa aiki a da, kamar yadda alƙali yake neman tazkiyar shaidu. Wanda aka hukunta shekaru da yawa da suka wuce, ya tuba aka ga alamar tubarsa, ba daidai yake da wanda aka kama bara da bana ba.

Abin da ya rage yana wuyan hukuma. Tun da yanzu ana neman lambar ɗan ƙasa kafin a ba da lasin, babu abin da zai hana kowane hukuncin kotu a kan tuƙi cikin maye ya hau kan lasin mai shi, daga kowace jiha, rubutun kamu kuwa a bar shi a rufe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu motoci sun isa su matsa wa wakilansu a majalisa a kan wannan, malamai kuma su taimaka da wa'azi a tashoshi. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.