Motar Tafi-da-gidanka: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Mun daɗe muna amfani da kalmar "tafi-da-gidanka". Akwai wayar tafi-da-gidanka, akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, har da kotun tafi-da-gidanka da ke ritsa waɗanda suka fito ranar tsaftar muhalli. Amma ban taɓa ganin inda kalmar ta zauna daram ba sai a wani bidiyo da abokin ɗakina ya nuna min a zangon karatun da ya wuce. Wata doguwar mota ce, girman bas ɗin haya, a cikinta akwai gado da murhu da firji da ɗan banɗaki. Wani matashi Ba'amurke na zaune a bakin ƙofarta, kwamfuta a cinya, kofin shayi a gefe, ga tafki ga duwatsu a bayansa. Ya saki gidan haya, ya tare a mota ɗungurungum, kuma duk inda ya tsaya yana yi wa kamfaninsa aiki ta intanet.

Abokin nawa ya dube ni ya ce, "Mutumina, wannan ita ce rayuwa. Ba mai gida, ba kuɗin haya, ba ogan da zai tsaya maka a ka. Wallahi da na karɓi diflomata abin da zan sa a gaba ke nan."

Na yi masa dariya, amma gaskiya ni ma abin ya shige ni. Wanda ya kwana shi da mutum shida a ɗaki ɗaya, ya yi layin ruwa da asuba, ai dole irin wannan hoto ya burge shi. Na ƙona data mai yawa ina bin labarin mutanen nan, musamman yadda suke shiri kafin su tashi. Abin da na fahimta shi ne, a cikin duk shirin, motar ce abu na ƙarshe. 'Yancin da muke gani a bidiyo lissafi ne aka zauna aka yi tun kafin a tayar da injin, kuma wannan lissafin ya kamata mu kwaikwaya, ko da ba za mu taɓa kwana a mota ba.

Bari in fara da wuta, tunda injiniyan lantarki nake karanta. Mai zama a mota ba shi da NEPA da zai zaga, shi ne NEPA ɗin kansa. Mu ƙaddara kwamfutarsa na cin wat 60, yana aiki awa 8, ka ga wat-awa 480 ke nan. Ƙaramin faifan intanet na Starlink yana cin tsakanin wat 25 zuwa 40. Mu ɗauki 35, a awa 8 ya zama 280. Ɗan firjinsa mu ba shi 500 a yini. Fitilu da fanka da cajin waya da famfon ruwa mu ce 240. Jimla 1,500, wato yunit ɗaya da rabi a lissafin mitar gidajenmu. Ga mai zama a gida wannan ba komai ba ne. Amma batirin litiyam mai bolt 12 da amfiya-awa 100, wanda yawancinsu ke sakawa, abin da yake ɗauka kusan 1,280 ne. Ko yini ɗaya ba zai kai shi ba, sai ya haɗa biyu ko uku. In kuwa tsohon batiri ne mai ruwa, rabin abin da ke cikinsa kawai ake ja, in ba haka ba ya mutu da wuri.

To da me za a cika batiran? Da sola a kan rufin mota. In ana samun rana mai ƙarfi ta awa 4, aka cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke zurarewa a waya da na'urar caji da zafi, sai an jera faifan sola na wat 500 kafin a mayar da 1,500 ɗin nan. Rufin mota kuwa ba fili ba ne. Sannan wanda ke Ingila a watan Disamba, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, sola ba za ta fisshe shi ba, dole ya yi tuƙi don injin ya caja masa, ko ya biya kuɗin wurin da ake jona wuta. Maganar na'urar sanyaya ɗaki ma kar a tayar, domin ita kaɗai za ta shanye batiri guda cikin kamar awa ɗaya. Wanda bai yi wannan lissafin ba, wata rana yana tsakiyar taro da masu ba shi aiki kwamfuta za ta ɗauke, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

Sai ruwa. A irin motocin nan akwai tankin ruwa mai tsabta, da na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Na farko kullum ƙarewa yake, sauran biyun kullum cika suke. Ba a nuna mana a bidiyo ranar da mutum zai sa safar hannu ya je wurin da aka tanada ya juye ƙazantarsa da kansa. Kuma ruwa nauyi ne: lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 100 ya ƙara wa mota kilo 100. A Ingila, wanda ya samu lasin tuƙi na gama-gari daga 1997 zuwa yau, motar fetur ko dizal da zai tuƙa ba za ta wuce kilo 3,500 ba, har da kaya da mutanen ciki. Saboda haka kafin a tare, mutum kan yi watanni yana sayarwa da kyautar da kayansa, yana auna abin da ya rage. Mu da ko hutun zango za mu tafi sai mun cika Ghana-must-go biyu, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Abu na uku bai taɓa zuwa min a rai ba, wato adireshi. Banki da kamfanin inshora da ofishin lasin da hukumar haraji duk suna tambayar inda kake zaune, kuma ba sa karɓar "cikin mota" a matsayin amsa. Shi ya sa a Amurka da yawa daga masu wannan rayuwa ke yin rajistar zama a jihohin Dakota ta Kudu ko Tekzas ko Fulorida, inda jiha ba ta karɓar haraji a kan albashi, kuma akwai kamfanonin da ke ba mutum adireshi su riƙa tura masa wasiƙunsa. Wurin tsayawa ma da doka. A yawancin filayen gwamnatin tarayya da ke yammacin ƙasar ana iya zama kyauta, amma kwana 14 ne a wuri ɗaya, daga nan sai ka ƙara gaba. A garuruwa da dama kuma kwana a mota a bakin titi laifi ne. Ashe mutumin da muke cewa ya kuɓuta daga kowa, takardun da yake bi sun fi na mai gidan haya.

Yanzu ga babbar maganar. Duk abin da na lissafa, batiri da sola da intanet da inshora da mai da gyara, kuɗi ne. Kuɗin kuma daga aikin nan yake fitowa. Shawarar da na ga masu daɗewa a harkar suna ta maimaitawa ita ce: ka samu aikin tukuna, ka yi shi daga ɗakinka na tsawon lokaci har ka tabbatar yana kawo kuɗi kowane wata, ka ajiye na ko-ta-kwana, ka ari mota ko ka yi hayarta ka gwada na 'yan makonni, sannan ka saya. Dalili a fili yake. Ranar da motar ta lalace, gidanka da ofishinka da abin hawanka duk sun shiga gareji lokaci guda. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma ɓangaren da bidiyoyin ba su cika nunawa ba. A 2017 wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Jessica Bruder, ta fitar da littafi mai suna Nomadland, wanda aka mayar fim a 2020, har ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2021. Mutanen da ta bi ba matasa ne masu kwamfuta a bakin tafki ba. Da yawansu dattawa ne da karayar tattalin arziki ta 2008 ta raba da gidajensu ko ajiyarsu, suka koma mota don ba su da kuɗin haya, suna bin aikin ƙodago na lokaci-lokaci a rumbunan kayan Amazon da gonakin gwoza mai suga. Mota iri ɗaya ce, amma wani zaɓa ya yi, wani kuwa dole ce ta sa shi. Abin da ya raba su shi ne sana'ar da ke hannu da kuɗin da ke shigowa.

Da na karanto wa abokina wannan duka, sai ya ce, "Kai matsalarka ke nan, kashe wa mutum gwiwa. Komai sai ka sa masa kalkuleta." Ina ganin yana da gaskiya ta wani gefen, kuma ya kamata in faɗa. Rayuwar nan ba ƙarya ba ce. Akwai masu yin ta shekara da shekaru suna jin daɗinta, kuma a garuruwan da haya ke cinye rabin albashi, tana iya zama dabara mai kyau. Mafarki ma ba laifi ba ne. Ɗalibin da ba ya hango abin da ya wuce takardar neman aiki ya fi ba ni tausayi. Inda muka saɓa da shi shi ne ta ina ake farawa. Shi yana kallon mota, ni ina kallon abin da ke kan cinyar mai motar.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗauko wannan rayuwa yadda take a dasa ta a nan abu ne mai wuya. Wa zai faka mota a dajin da ba kowa ya kwana, a halin da hanyoyinmu ke ciki? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wa ke yawo don nishaɗi? A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, mota ai tanda ce. Amma rabin labarin, wato aiki daga nesa, ya riga ya iso mu. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Shafuka irin su Upwork da Fiverr a buɗe suke ga mai iya zane, ko rubuta manhaja, ko fassara, ko lissafin kuɗi. Kuma matsalolin mai aiki daga mota su ne dai namu: wutar da ba tabbas, intanet mai yankewa, da wurin da za ka zauna shiru. Lissafin batirin da na yi a sama, wallahi shi ne wanda ɗalibi zai yi in yana son ya yi aikin awa 8 daga ɗakinsa a Gusau ko Damaturu ba tare da janareta ba. Ya cire firji ma, sai abin ya zo masa da sauƙi.

In ma ana maganar tafiya da gida, ai ba Turawa ne suka fara ba. Dubi Bafulatani makiyayi. Ba ya tayar da ruga sai ya san inda ruwa da ciyawa suke a gaba, ya san hanyar da zai bi, kuma ba ya tashi shi kaɗai. Bukkarsa a yini ɗaya ake kafa ta, amma garken da ke ciyar da shi shekaru aka yi ana tara shi. Wanda ya kafa bukka a daji ba shi da saniya ko ɗaya, ba makiyayi ba ne, mai kwanan daji ne kawai. Sana'arka ita ce garkenka.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda wasu ke cin kasuwa da wannan mafarkin namu. Za ka ga talla a WhatsApp ko TikTok: biya kaza a koya maka samun dala cikin sati biyu kana kwance. Na san ɗalibai a makarantar nan da suka zuba kuɗin abincinsu a irin wannan, suka tashi da takardar shaidar da ko mai shayi ba zai karɓa ba. Kowa ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka. Duk wanda ya nuna maka tafki da kofin shayi bai nuna maka shekarun koyo ba, kayansa yake tallatawa.

Shawarata ga 'yan ajinmu masu fita, da ƙannenmu na ajin farko, ba ta da yawa. Ka zaɓi abu ɗaya da wani zai iya biyanka a kansa ba tare da ya ga fuskarka ba, ka koye shi har ka iya. Shekarar koyon aiki da ke gabanmu bayan difloma, kar mu mayar da ita hutu. Ka yi wa mutum uku aiki, ko da kuɗin kaɗan ne, don ka sami abin nunawa. Ka gyara Turancinka na rubutu, ka koyi cika alkawari a kan lokaci, domin wanda ke wata ƙasa ba zai saurari "an ɗauke wuta" sau biyu ba. Ka zauna da biro da takarda ka lissafa wutarka da datarka da abin da kake kashewa a wata. In kuɗi ya fara shigowa, ka fara da batiri da faifan sola ɗaya.

Abokin ɗakina har yanzu hoton motar nan ne a fuskar wayarsa, kuma ban ce ya cire ba. Amma makonni uku ke nan yana tashi bayan sallar asuba yana koyon zanen gini a kwamfutar aro, kuma jiya ya tambaye ni batiri nawa zai ishe shi. Na ce ya kawo takarda mu lissafa.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita da abin da zai amfane mu da iyayenmu. Amin.