Tsakanin Haƙuri Da Haƙƙi: Batun Kayan Fasinjan Jirgin Sama

Watanni kaɗan da suka shige, wata gwaggona, dattijuwa mai shekaru saba'in da ɗoriya, ta dawo daga aikin Umara. Da akwatinta ya fito a kan bel ɗin da ke kewayo da kayan fasinjoji, sai ta tarar gefensa a farke, ƙafa ɗaya ta cire, kuma kusan rabin tsarabar da ta sayo wa jikoki babu ita. Ta nufi wani ma'aikacin kamfanin jirgin ta nuna masa, shi kuwa ya russuna cikin ladabi ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, tun da an sauka lafiya ai an gode Allah." Ta ce haka ne, ta ɗaure akwatin da ɗankwali, ta kama hanyar gida. Da yake lokacin ba na gari, sai bayan kwana 12 na je yi mata barka da sauka, inda ta ba ni labarin cikin raha. Ni dai ban iya taya ta dariya ba, domin na san cewa haƙƙinta na neman diyya ya riga ya faɗi kwana 5 kafin zuwana, ba tare da ta taɓa sanin tana da shi ba.

A matsayina na ɗalibin nazarin harshe, abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne kalaman wannan ma'aikaci. Bahaushe ya bambanta "yi haƙuri" da "sai haƙuri". Idan mutum ya taka ka a kasuwa ya ce ka yi haƙuri, to ya amsa laifinsa ke nan, yana roƙon afuwa. Amma "sai haƙuri" kalmar ta'aziyya ce da jaje, wadda ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa ko gobara, inda babu wani mahaluki da za a tuhuma. Da wannan 'yar kalma ta "sai" ma'aikacin ya ɗauke fashewar akwati daga babin sakacin ɗan Adam ya mayar da ita babin ƙaddara. Ba na zargin sa da mugun nufi, domin haka ya taso ya ji ana yi, amma sakamakon dai guda ne: kamfani ya tsira da kuɗinsa, tsohuwa ta tafi da asara.

Sanin kowa ne cewa mutanenmu na Arewa suna cikin masu yawan tafiya da kaya a jirgin sama, kama daga mahajjata da masu Umara, zuwa 'yan kasuwar da ke sintiri tsakanin Kano da Dubai ko Sin, har ya zuwa ɗalibai da majinyata masu zuwa Masar da Indiya. Duk da haka, kaɗan ne daga cikinmu, har da mu masu taƙama da ilimin zamani, suka san cewa akwai dokar duniya da ta tanadi hukuncin lalacewar kaya, ko makararsu, ko ɓatansu.

Wannan doka ita ce Yarjejeniyar Montiriyal, wadda aka ƙulla a Kanada ranar 28 ga Mayu, 1999, ta fara aiki ranar 4 ga Nuwamba, 2003. Ita ce ta gaji tsohuwar Yarjejeniyar Warso ta 1929, wadda ke auna diyya da nauyin kaya, kimanin dala 20 a kan kowane kilo, ko da kuwa leshi ne mai tsada a cikin akwatin. Nijeriya ta shigar da sabuwar yarjejeniyar cikin Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, kuma dokar 2022 da ta maye gurbinta ta ci gaba da riƙe ta. Ƙasashen da muka fi zuwa, irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin da Ingila, duk sun amince da ita.

Ginshiƙin yarjejeniyar shi ne, duk kayan da fasinja ya miƙa aka auna aka maƙala musu lamba, sun shiga hannun kamfani, kuma idan suka lalace ko suka ɓata a wannan hannu, kamfanin ne zai biya, ba tare da an ɗora wa fasinja nauyin tabbatar da wanda ya yi sakaci ba. Mafitar da aka bar wa kamfani ita ce ya nuna cewa aibin daga kayan ne tun asali, kamar ruɓaɓɓiyar jaka da aka cusa wa abin da ya fi ƙarfinta. Jakar hannu kuwa hukuncinta daban, domin tana tare da mai ita, don haka sai an nuna laifin kamfani ko na ma'aikatansa. Idan kuma kaya suka makara, fasinja yana da damar neman a biya shi abin da ya kashe wajen sayen abubuwan buƙata na dole, irin su sutura da sabulu, sai fa idan kamfanin ya tabbatar da cewa ya yi duk abin da ya kamata don kauce wa jinkirin. Kayan da suka cika kwana 21 ba su iso ba, doka ta ba fasinja damar ɗaukar su a matsayin ɓatattu, ya nemi diyyarsu.

Diyyar tana da iyaka, kuma ana lissafa ta ne da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda darajarsa ta dogara ga dala da yuro da fam da kuɗin Sin da na Japan. An fara da SDR 1,000, aka ɗaga zuwa 1,131 a 2009, sannan 1,288 a 2019, daga ranar 28 ga Disamba, 2024 kuma ya koma 1,519, wato kimanin dala 2,000. Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, wannan adadi na kowane fasinja ne, komai yawan akwatunansa. Na biyu, shi ne ƙarshen abin da za a iya biya, kuma fasinja zai samu gwargwadon asarar da ya iya tabbatarwa ne kawai, shi ya sa rasit ke da daraja. Wanda ya san kayansa sun zarce wannan adadi, yarjejeniyar ta ba shi damar bayyana ainihin darajarsu a lokacin awo, ya biya ƙarin kuɗi idan an nema, ta yadda iyakar za ta tashi zuwa abin da ya bayyana. Haka kuma duk wani sharaɗi da kamfani ya rubuta a jikin tikiti don ya wanke kansa, ko ya rage diyya ƙasa da abin da yarjejeniyar ta yanke, wannan sharaɗi ɓatacce ne a idon doka.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa'adi. Idan kaya suka iso a lalace, kwana 7 kacal aka ba fasinja ya shigar da kokensa a rubuce. Idan makara suka yi, kwana 21 ne daga ranar da aka miƙa masa su. Wanda ya bari wa'adin ya wuce ba shi da sauran ƙara, sai dai idan kamfanin ya yi masa zamba. Shigar da ƙara a kotu kuwa dole ya kasance cikin shekara 2. Bugu da ƙari, yarjejeniyar ta ce karɓar kaya ba tare da koke ba hujja ce ta farko a kan cewa an miƙa su lafiya lau. Ashe ke nan lokacin da gwaggona ta ɗaure akwatinta ta fita ba tare da ta cike fom ɗin rahoton matsalar kaya ba, wanda ma'aikata ke kira PIR, ta ba da shaida a kan kanta ne ba ta sani ba.

A nan gida, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma Kashi na 19 na ƙa'idojinta da aka sabunta a 2023 ya tanadi cewa wanda kayansa suka makara a ba shi kuɗin rage raɗaɗi nan take, naira 10,000 a tafiyar cikin gida, dala 170 a tafiyar ƙetare. Kowa ya san naira 10,000 ba za ta ɗinka wa magidanci riga da wando ba a yau, kuma ya dace hukumar ta sake duba adadin. Amma ko wannan ɗan abin ma, fasinja nawa ne a filayen jiragenmu na Arewa suka san da shi, balle su tambaya?

Wannan ya kawo ni ga tushen matsalar, wato harshe. An rubuta Yarjejeniyar Montiriyal da harsuna shida: Ingilishi da Larabci da Sinanci da Faransanci da Rashanci da Sifaniyanci. Wannan ba abin ƙorafi ba ne, domin aikin kowace ƙasa ne ta isar wa 'ya'yanta da doka cikin harshen da suke ji. Abin takaici shi ne, kamfanonin da ke iya ɗaukar nauyin tallar rangwamen tikiti da Hausa a gidajen rediyo, idan aka zo batun diyya sai su koma ƙananan haruffan Ingilishi waɗanda ko lauya sai ya sa tabarau. Haƙƙin da ke mutuwa cikin mako guda, kuma aka rubuta shi da harshen da mai shi ba ya karantawa, a aikace haƙƙin 'yan boko ne kaɗai. Ni da na san inda zan je da abin da zan rubuta, da ni abin ya faru da an biya ni. Gwaggona kuwa, wadda ta biya kuɗin tikiti daidai da na kowa, addu'a aka sallame ta da ita.

Akwai masu ganin cewa bin kadin irin wannan asara rashin tawakkali ne, musamman ga wanda ya dawo daga ibada. Ina ganin an yi wa addini gurguwar fahimta a nan. Malaman fiƙihun Malikiyya tun da daɗewa sun bambanta wanda aka ba ajiya don Allah da mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a yana cin lada, kamar tela da marini, suka ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya salwanta a hannunsa, domin kare dukiyar mutane daga sakaci. Kamfanin da ya karɓi kuɗi ya karɓi kaya ya ɗauki amana ne da lada. Wanda ya san haƙƙinsa ya yafe, ya yi kyauta, Allah Ya ba shi lada. Wanda aka ɓoye wa haƙƙinsa kuwa ba za a ce ya yafe ba, domin mutum ba ya yafe abin da bai san nasa ba ne. Kuma duk lokacin da fasinja ya tafi shiru, an ƙara koya wa masu jifa da akwatunan mutane cewa babu abin da zai biyo baya.

Adalci ne kuma a faɗi namu laifin. Muna zuba gwal da tsabar kuɗi da waya da magungunan da rayuwa ta dogara a kansu cikin kayan awo, alhali wurinsu jakar hannu. Muna cika jakar buhu har zif ya gagara rufuwa, mu haɗa manja da atamfa a wuri guda. Muna yar da 'yar takardar lambar kaya da ake manna mana a bayan tikiti, alhali ita ce shaidar da ake bin sawun akwati da ita a na'ura. Ba a manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a Disambar 2018 ba, saboda wata jaka mai ɗauke da haramtattun ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, wadda sai a Afrilun 2019 gaskiya ta yi halinta aka sake ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa kowane matafiyi ya ƙirga lambobin da aka ba shi, ya tabbatar sun yi daidai da yawan kayansa kafin ya bar wurin awo.

Saboda haka ina kira ga NCAA da ta wajabta wa kowane kamfani kafa sanarwar haƙƙin fasinja a zauren karɓar kaya cikin manyan harsunan yankin da filin jirgin yake, da Hausar boko da ta ajami a nan Arewa, tare da bayyana wa'adin kwana 7 da na kwana 21 ɓaro-ɓaro. A samar da fom ɗin rahoto da Hausa, a kuma ajiye ma'aikacin da zai cike wa wanda bai iya rubutu ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da kamfanonin shirya Umara su sa wannan darasi cikin bitar da suke yi wa maniyyata. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu kuma, waɗanda nake ɗaya daga cikin ma'aikatansu, ba mu da uzurin jira sai an roƙe mu. Fassara shafi biyu na waɗannan ƙa'idoji aikin mako guda ne.

Kai kuma mai karatu, kafin hukumomi su motsa, ɗauki hoton akwatinka da abin da ke ciki kafin awo, adana rasit da lambar kaya, kada ka fita daga zauren karɓar kaya sai da kwafin rahoto mai lamba a hannunka, sannan ka bi shi da wasiƙa zuwa ga kamfanin cikin wa'adi. Idan suka yi biris, ka kai kuka ga NCAA. Idan kuma tsohuwarka ce ko tsohonka zai dawo daga tafiya, ka je tarbarsa da kanka, ka duba kayan tun ba a bar filin jirgi ba. Ni na makara da kwana 5, kuma har yau akwatin gwaggona yana nan a ƙuryar ɗaki ɗaure da ɗankwali. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, su da kayansu.