Kada a Sallami Mai Gadin Mota Saboda Gaggawa

Ranar nan na tsaya a wani gareji a kan hanyar Makurdi, nan cikin Lafiya, na tarar da wani dattijo direban haya ya rafka tagumi a gindin Corollarsa, wadda tun da hantsi aka sauya mata gidan makulli, amma har azahar ta ƙi tashi. In an murɗa sabon makulli sai injin ya juya bai kama ba, wata 'yar jar fitila tana ta ƙiftawa a bayan sitiyari.

Sababin wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi nazari, domin tun 1998 Jamus da Ingila suka wajabta wa sababbin motoci na'urar hana sata, kuma da yawa daga motocin Beljiyam da muke hawa da ita suke zuwa: a cikin kan makulli akwai wata ƙwaya, ba ta fi tsabar shinkafa da yawa ba, wadda zoben da ke kewaye da gidan makulli yake karantawa ya isar wa birenbos, wato kwamfutar motar, shi kuwa muddin bai shaida ta ba, ba zai saki mai ba.

Ina nan tsaye mai rewaya ya ce, "Baba, bari mu yi mata baifas." Nufinsa ya ɓare tsohon makulli, ya ciro ƙwayar, ya liƙa ta da salatif a jikin zoben. Lalle motar za ta tashi, sai dai daga ranar ta daina bambance ubangijinta da ɓarawo, alhali maslahar da aka ƙera na'urar dominta ke nan. Ni a ganina, yin haka ba tare da an bayyana wa mai mota haƙiƙanin abin da ya rasa ba cin amana ne, ko da niyyar taimako aka yi, musamman ga bawan Allah da wannan mota ce kaɗai abincin iyalinsa.

Hanya sahihiya sananniya ce: a mayar da tsohuwar ƙwayar cikin kan sabon makulli, ko a nemi mai kwamfuta ya gabatar da sabon ga birenbos. Masu motoci, kafin a kwance muku gidan makulli, ku tambaya ko na ƙwaya ne, kuma kada ku bar tsohon makullinku a gareji.